Wutar Layin Shawulu

Duk wanda ya zauna a Nassarawa GRA ta Kano kafin zuwan wayar hannu ya san Shawulu, ko bai san sunansa ba ya san tsaninsa. Dogo ne, siriri, mutumin Wusasa ta Zariya, kullum da filaya a aljihun baya. Gyaran layin tarho ne aikinsa, a ƙarƙashin ofishin waya na gwamnati. In tarhon gida ya yi shiru ba a wahalar da kai da zuwa ofis, sai a aika a nemo shi, kuma galibi a kan falwaya ake samunsa, ya maƙale can sama yana fito da waƙar majami'a.

Yana da wata ɗabi'a da ta sa masu gadin unguwar suka laƙaba masa Mai Lasa. Ofis ta ba shi na'urar awo, amma ina, ya fi yarda da harshensa. Sai ya fere bakin wayoyin nan biyu, ya ɗan taɓa su a kan harshe, in suka cije shi ya yi dariya ya ce layi na da rai. Kuma kada Allah ya sa ka tambaye shi dalili, don ranar ka gama aiki. Zai zaunar da kai ya ce siraran wayoyin nan biyu kaya biyu suke ɗauka, wuta da magana. Wutar daga manyan batira na ofis take tasowa, ita ke raya akwatin, maganar kuma a kanta take hawa ta tafi. Shi ya sa ko an ɗauke wutar gari tarho bai san an yi ba. Wanda ba ya iya lasa kuwa, ya koya masa dabara mai sauƙi: ka ɗaga kan tarhon ka hura a ciki, in ka ji numfashinka ya dawo kunnenka, to akwai wuta, in akwai wuta layinka na haɗe da ofis.

Ba wanda ya sha wannan karatu kamar Mamman, direban Hajiya Sakinatu, mutumin Ringim. A gidan Hajiyar ne Shawulu yake zaune da iyalinsa, a ɗakunan baya, tun maigidanta yana da rai. Marigayin ne ya ba shi wurin don layin gidan ya daina mutuwa, ya kuma yarda ya ja reshe zuwa ɗakinsa. Kowace yamma shi da Mamman suna ƙarƙashin darbejiyar bakin ƙofa, ɗaya na wanke mota, ɗaya na wa'azin waya. Mamman ya ce masa Kirista mai taurin kai, shi kuma ya ce masa Bajigawe mai barcin rana. Da Sallah Mamman ya kawo nama, da Kirsimeti Elisabatu, matar Shawulu, ta aika da shinkafa.

Ɗa ɗaya Allah ya bar musu, Derrick. Shiru-shiru ne, ya ɗauko tsawon ubansa, yana karatun aikin lantarki a Kaduna. Duk ranar Lahadi bayan an taso daga majami'a zai nemi tarho ya bugo, uwar ta tambaye shi abin da ya ci, uban ya tambaye shi ko muryar na fita sarai.

A farkon shekara ta dubu biyu, da mulkin farar hula bai daɗe da dawowa ba, maganar Shari'a ta ɗauki zafi, Kaduna ta kama da wuta. Ran nan da hantsi tarho ya yi ƙara a ɗakin Shawulu, ba kuma Lahadi ba ce. Derrick ne, yana haki.

"Baba, gari ba lafiya. Za mu fita daga nan. In na samu wuri zan sake bugowa, kada ku yi nisa da waya."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Da ƙura ta lafa Shawulu ya tafi Kaduna, Mamman ne ma ya kai shi da motar Hajiya. Sun bi asibitoci, sun bi barikokin da mutane suka fake, sun je ɗakin yaron suka tarar da toka. Wani ya ce ya gan shi a motar da ta yi kudu, wani ya ce a'a, ba shi ba ne. Babu gawa, babu labari. Suka dawo Kano, Shawulu ya ja kujera ya zauna kusa da tarhon.

Daga ranar rayuwarsa ta koma kan abu ɗaya: lambar nan ita kaɗai Derrick ya sani, don haka layin nan ba zai mutu ba. Da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, wasu daga cikin 'yan majami'arsu suka haɗa kaya suka koma gida, tsoro ya kama kowa. Elisabatu ta roƙe shi su ma su koma Wusasa. Ya ce in yaron ya bugo fa, wa zai ɗauka? Ta yi kuka, ta yi fushi, ya ƙi motsi. Bayan shekara ta ce to aƙalla a kira fasto a yi addu'ar rakiya, ta san inda za ta ajiye zuciyarta. Ya ce shi ba ya binne wanda ya ce masa zai sake bugowa. Tun daga nan ta daina zancen, ta kuma daina taɓa tarhon. Ko share ɗaki take sai ta kewaye shi, ta ce akwatin nan ya cinye mata miji bayan an cinye mata ɗa.

Sai ga wayar hannu ta shigo gari. Kai, abin da mamaki yadda mutane ke saurin mantuwa! Gidajen da a da suke aiko wa Shawulu da mota, yanzu an tura tarhonsu ƙarƙashin gado. Hajiya Sakinatu ma ta sayi tata, ta kira shi ta ce layin ya zama nasa, ya yi yadda ya so da shi. Aka sallame shi daga aiki tare da tsararrakinsa, amma bai ajiye tsani ba. Reshen mangwaro ya faɗo kan waya, shi ne. Gara ta ci falwaya, shi zai tokare ta. Ya zama layi ɗaya tal ake gyarawa a duk titin, mai gyaran kuma ba wanda ya sa shi. Sau da yawa ƙugin nan da ake ji kafin a buga lamba yakan ɗauke na kwanaki, ya ce ba komai, injinan ofis ne suka tsufa, muddin da wuta kira zai iya shigowa. Tarhon yakan yi ƙara jefi-jefi, ya zabura har ya yi tuntuɓe, ya tarar wani ne ke neman wani.

Wata damina yana kan tsani jiri ya ɗebe shi. Aka kwashe shi zuwa asibiti, likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya daɗe a kwance, kuma da bakinsa ya fara buɗewa abin da ya fara tambaya shi ne layi. Mamman ya sunkuyar da kai ya ce layi lafiya lau. Da aka dawo da shi gida, tun kafin a kwantar da shi ya miƙa hannun da ke aiki ya ɗaga kan tarhon ya hura. Numfashinsa ya dawo kunnensa. Ya lumshe ido, ya ce an gode Allah.

Haka ya yi ta yi kowace safiya, damina ta wuce, rani ya shigo, wata daminar ta kawo kai. Tarhon bai sake ƙara ba, ƙugin ma bai dawo ba, amma wuta ba ta taɓa yankewa ba. Har yakan yi wa Mamman alfahari, ya ce ka ga aikin da aka yi da gaskiya, shekara guda ba a hau falwaya ba amma layi na tsaye. Mamman sai ya ce haka ne, Malam Shawulu, ya ci gaba da goge gilashin mota.

Sannu a hankali ƙafar ta fara ɗaukarsa, yatsun suka fara riƙe abu. Wata safiya da Elisabatu ta tafi kasuwa, ya ji sha'awar tsohuwar ɗabi'arsa. Ya kwance ɗan akwatin da ke jikin bango, ya fere wayoyin, ya kai harshe. Suka ɗan tsikare shi kaɗan, kamar tsamin lemo. Ya shekara talatin yana lasar wutar ofis, ya san cizonta, wannan ba ita ba ce.

Ya ɗauki sanda ya bi wayar. Ta fita ta taga, ta bi katanga yadda ya ja ta da hannunsa, amma maimakon ta haura zuwa falwaya sai ta karkata ta shiga ɗakin janareta. A can bayan jarkoki ya same ta, an ɗaure bakinta a kan tsohon batirin mota. Ya leƙa waje ta saman katanga. Falwayoyin na nan a jere, tsirara, ko zare babu a kansu.

Yana tsaye a wurin Mamman ya shigo. Bai yi musu ba. Ya ce tun Shawulu na asibiti ɓarayin tagulla suka kwashe wayar titin gaba ɗaya, ya je ofis ya yi ta zarya, aka ce masa ba za a sake ja ba. Likita kuma ya ce kada a tayar wa Shawulu da hankali. Sai ya tuna karatun da ya sha a gindin darbejiya, ya gwada batir, ya hura, ya ji ta yi. Tun daga nan yake musanya shi da na mota in ya yi sanyi. Ko Hajiya ba ta sani ba, balle Maman Derrick.

Shawulu ya dubi batirin. Ba haushin Mamman ya ji ba, ina ma haushi ne, da ya fi sauƙi. Abin da ya tsaya masa a ƙirji shi ne duk safiyoyin nan da ya yi yana hura iska a waya, ita kuwa iyakarta ɗakin janareta.

"Mamman," ya ce, "in ya bugo a watannin nan fa?"

Mamman ya share ido da hannun riga. Shawulu ya sunkuya da ƙyar ya cire wayoyin daga kan batirin, ya koma ɗaki. Ya yanke shawara gobe zai faɗa wa Elisabatu ta kira fasto, su kuma fara shirin komawa Wusasa. Ita ta fi shi gaskiya tun farko.

Washegari ya fito da wuri ya zauna a bakin famfo yana wanke fuska, yana neman ta inda zai fara. Ta taga ya hango ta ta shigo ɗakin da tsintsiya. Ta waiga dama, ta waiga hagu, ta jingine tsintsiyar. Sai ta ɗaga kan tarhon nan da ta shekara da shekaru tana kewayewa, ta kai kunne, ta hura. Yadda hannunta ya tafi kai tsaye, ya gane ba yau ta fara ba. Ta sake hurawa. Ta girgiza shi, ta hura na uku, sannan ta zauna a bakin gado da shi a cinya, ta ƙura wa bango ido.

Shawulu bai san lokacin da ya tashi ba. Ya ja ƙafarsa ya bi katanga har ɗakin janareta, ya durƙusa, ya mayar da wayoyin kan batirin, ya ɗaure su tam da filaya yadda Mamman bai iya ba. Da ya dawo ya same ta tana nan yadda ya bar ta.

"Baban Derrick," ta ce, "layin ya mutu."

"Waya ce ta saki," ya ce. "Na gyara. Sake gwadawa."

Ta kai shi kunne ta hura. Ya ga kafaɗunta sun sauka. Ta ajiye kan tarhon a hankali, ta goge shi da bakin zanenta, ta ɗauki tsintsiya ta ci gaba da shara.