Ranar da Aka Ga Ƙwaya a Jinina

Ko tsufa ya kwashe duk abin da ke kaina, ba zan manta ranar da aka ce an ga ƙwaya a jinina ba.

Jijiyar jini ce ta toshe mini a ƙafar hagu, har zuwa gonata a Tirwun ya gagare ni. A asibiti suka zura wani siririn bututu ta cinyata suka buɗe jijiyar, na koma gida ina taƙama. Ba a jima ba wurin ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ni. Matata ta tari keke ta mayar da ni.

Likitar 'yar Kudu ce, Hausarta ta kasuwa. Ta duba sakamakon gwaji ta ce, "Baba, akwai ƙwaya a jininka. Da yawa."

To ni bokona bai wuce rubuta sunana a karkace ba. Ƙwaya ɗaya na sani, wadda samari ke sha su kwana a kwalbati.

Matata ta saki salati. "Malam! Da furfurarka? Ashe barcin nan na bayan Azahar..."

"Ke, tuwo ne! Likita, wallahi goro kaɗai nake ci."

"Ba ta baki ta shiga ba, Baba. Ta wurin allura."

"Har allura yake yi!" in ji matata.

Nan na yi zuciya. Na kifa hula, na ce a sallame ni, ba a asibiti za a ɓata mini suna ba. Ina ɗingishi zuwa ƙofa sai wata dattijuwar nas ta sha gabana.

"Baba, koma ka kwanta. Ƙwayar cuta take nufi. Ta inda aka zura bututun ta shiga jijiya. Ba kasafai ake ganin haka ba, amma in ta cinye jijiyar, ƙafar ce za a yanke."

Ban san lokacin da na koma gado ba. Na ce, "To mene ne maganin?"

"Allurai tukuna, sannan ƙwayoyi safe da yamma."

Matata ta ce, "Wasu kuma?"

Na daɗe a kwance, amma da ƙafafuna biyu na fito. Da na bi zuciya, da yanzu ina tsalle da ƙafa ɗaya ina wanke kaina daga laifin da ba wanda ya ɗora mini. Tun daga nan, in magana ta fi ƙarfin kaina, kafin in yi fushi sai in ce, "Maimaita a hankali, tsohon naku bai gane ba."