Jan Maɓallin da Ya Cinye Waƙoƙin Baba

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. A shekarun da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ni budurwa ce a wata unguwa da ke gindin Dala. Na gama sakandare, na yi 'yan watanni a makarantar koyon kwamfuta, kaina kuwa ya kumbura ba kaɗan ba. A duk layinmu ni kaɗai ce macen da ke buga rubutu ba ta kallon yatsunta. Yayana ya sayo mini kwamfutar tebur ta gwanjo daga Legas, irin wadda ake shigowa da ita daga ƙasar waje, aka girke ta a shigifa. Masu neman kansila suna aiko takardu in buga musu, 'yan gidanmu suna tsokanata da Injiniya, ni kuma ina amsawa har da gyara zama.

Mahaifinmu malami ne, tun yana saurayi yake rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami. Da girma ya kama shi idonsa ya raunana, takardun kuma gara ta ci gefensu, damina ta jiƙa wasu. Ni na kawo shawarar mu zuba su a kwamfuta. Kullum bayan la'asar sai ya zauna a kan buzunsa, ya kai takarda dab da idonsa yana rerawa, ni ina bugawa da boko. Da muka kai ƙarshe sai maganar tsofaffin takardun ta taso, domin a gidanmu takarda mai sunan Allah ba a barin ta tana yawo ana takawa, idan ta mutu ƙona ta ake yi a binne tokar. Baba ya tambaye ni ko na tabbata komai ya shiga. Na ce masa abin da ke cikin kwamfuta gara ba ta cinsa, ruwa ba ya taɓa shi. Da hannuna na miƙa masa ashana.

Ban fitar da waƙoƙin a takarda ba, don ba mu da firinta sai an kai shago, ni kuma na dage sai na gama gyara su tsaf. Ana cikin haka Allah Ya yi wa Baba rasuwa. Yayyena suka yanke shawarar a buga waƙoƙin a raba wa ɗalibansa ranar sadakar arba'in, aka aika har ƙauyuka cewa kowa zai koma gida da littafin Malam.

Ana gab da ranar, na tashi da safe zan kwashe rubutun in kai shago. Na danna maɓalli, fanka ta kama juyawa, koren haske ya kawo a jikin akwatin kwamfutar, amma allon baƙi ƙirin. Na kashe na sake kunnawa, shiru. Na zare wayar da ta haɗa allon da akwatin, na hure ta, na mayar. Na canja soket. Na kwance murfin akwatin na share ƙura, na danna duk abin da na ga yana motsi. Duk da haka ban bari kowa ya ga damuwa a fuskata ba. Gwaggona ta leƙo ta ce a yi wa kwamfutar tofi, yayana ya ce in bari ya ɗora ta a babur ya kai wa wani mai gyara wajen Ƙofar Wambai. Na ƙi. Wai ni Injiniya guda a ɗauki kwamfutata a ratsa layi da ita kowa yana kallo? Na ce su ba ni zuwa azahar.

Da na juya bayan akwatin sai na ga wani ɗan jan maɓalli kusa da inda wayar wuta ke shiga, da lamba a jikinsa. Na tura shi da tsinken ashana, wata lamba ƙarama ta bayyana. Wutar unguwarmu kullum rabi-rabi take zuwa, sai na raya a zuciyata cewa ƙarancin wuta ne ya hana allon kawowa, in na mayar da ita kan ƙaramar lamba wutar za ta ishe ta. Har daɗi na ji da wannan dabara tawa. Na jona, na kunna. Ƙarar da ta tashi sai da matan gida suka fito da salati, hayaƙi ya turnuƙe shigifa, warin ƙonannen roba ya cika hancina. Na yi sauri na zare wayar wuta daga soket.

A ranar, ni da kaina na bi yayana wurin mai gyaran. Ya jona allona a jikin wata kwamfuta, bai kawo ba. Ya ce tun farko allon ne kawai ya mutu, akwatin lafiyarsa ƙalau. Jan maɓallin kuwa na ƙasashen da wutarsu ba ta kai tamu ƙarfi ba ne, da na juya shi sai wuta ta yi wa kayan ciki yawa, ta ƙone su har da faifan da ke riƙe da rubutu. Ya yi iya ƙoƙarinsa, ya kai faifan wurin wasu ma, babu abin da ya fito. Maganarsa har yau tana kunnena: "Malama, da allon wani kika aro kika jona, da yanzu kina shago ana buga miki littafi."

Ranar arba'in ɗalibai suka cika ƙofar gida, yayana ya faɗa musu abin da ya faru. Wani dattijo a cikinsu ya aiko cikin gida cewa kada in damu, ai kowane baiti ya bi ta hannuna, in zauna in karanto su a sake rubutawa. Aka kawo takarda da biro, mata suka kewaye ni. Na buɗe baki, babu komai. Nan ne na fi kaɗuwa, fiye da ranar hayaƙin. Duk zaman da na yi da Baba, yatsuna ne suke aiki, hankalina yana kan saurina, ban taɓa sauraron abin da yake faɗa ba. Abin da aka tsinto a bakin ɗalibai guntaye ne, baiti nan baiti can, bai cika 'yan shafuka ba.

Yanzu na manyanta, ina da 'ya'ya, kuma har yau in aka kira wani Injiniya sai na ji wani abu ya soke ni. Ina roƙon masu karatu, in kwamfuta ta kunnu allo ya ƙi kawowa, a fara gwada wani allon, kuma kada a taɓa abin da ba a san aikinsa ba don gudun a ce ba a iya ba. Abu mai daraja kada a bar shi wuri ɗaya. Wanda kuma iyayensa ke raye, in suna magana ya saurara da kunnensa. Ni Baba ya rera mini waƙoƙinsa kaf, daga ni sai shi, ga shi yau 'ya'yana suna tambayata me kakansu ya rubuta, ba ni da abin faɗa musu.