Shafi na Arba'in da Ɗaya

Yayata ta yi shekara ashirin da uku a ofishin lauyoyin nan, tun suna su biyu a ɗaki ɗaya, da fankar da ba ta juyawa sai an zungure ta da sanda. Yau bene ne hawa huɗu, lauyoyi birjik, aikinsu haɗe kamfani da kamfani, ko babba ya saye ƙarami. Ita kuwa tana nan a kujerarta ta gefen injin buga takardu. Uwar Shafi suke ce mata, don ita ke jera yarjejeniya shafi-shafi, ta ɗinke, ta liƙa 'yar takarda ruwan ɗorawa duk inda za a sa hannu. Manyan nan masu kwat ba karantawa suke ba, wallahi. Inda Yaya ta liƙa, nan alƙalami ke sauka.

Ita dai tana karantawa. Laifinta ke nan.

Wani dattijo zai sayar da masana'antarsa ta sabulu ga wani babban kamfani, babban kamfanin kuma ofishin su Yaya ya ɗauka su tsaya masa. Sharaɗin dattijon ɗaya ne: ba za a kori ma'aikatansa ɗari biyu ba. Sau biyar ana buga yarjejeniyar, sau biyar Yaya na ganin sharaɗin a shafi na arba'in da ɗaya. A bugun ƙarshe ya yi ɓatan dabo. Lauyan dattijon kuwa hoto ne, bai lura ba.

Ta samu shugaban ofis, mutumin da ta sani tun takalminsa ƙafa ɗaya ne.

"Ranka ya daɗe, maganar ma'aikata ta faɗi daga ciki."

"Ba faɗuwa ta yi ba, gyara aka yi. Ke aikinki liƙi."

Liƙi! Matar da ta koya maka inda ake buga hatimi! Da ni ce, da har hawa na huɗu sun ji mu. Amma Yaya ba ta iya hayaniya ba, ni na kwashe rabonta.

Ranar sa hannu ta liƙa 'yan takardunta kamar kullum, ta ƙara ɗaya a shafi na arba'in da ɗaya, inda babu wurin sa hannu. Dattijo ya iso nan, ya nemi layi sama da ƙasa, babu. Ya ciro tabarau. Ya karanta, ya koma baya, ya sake karantawa. Sai ya rufe alƙalami ya mayar aljihu.

Ma'aikata ɗari biyu suna nan a bakin aikinsu, ko labarinta ba su taɓa ji ba. Yaya kuwa, bayan kwana uku aka miƙo mata takardar sallama, wai ofis na sake fasali. An ci moriyar ganga, an yar da kwaurenta. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

A ƙasan takardar sun liƙa mata 'yar takarda ruwan ɗorawa, a karkace. Ta ɓare ta, ta daidaita. Ta koma layin farko ta karanta har ƙarshe, suna tsaye a kanta suna jira. Sannan ta sa hannu.