Zabbin Inna a Daɗin Kowa

Shekarar da Inna ta yarda ta dawo wajena a Daɗin Kowa, ta zo da zabbi bakwai a kwando da jaka ɗaya, kuma ta ƙi kwance jakar. Ta ce sai ta ga yadda garin zai karɓi zabbinta. In sun ƙi zama, ita ma ƙauye za ta koma. Na san halin mahaifiyata, ba wasa take yi ba, ni kuwa na gaji da zullumin zamanta ita kaɗai.

Na je kasuwar Katako na sayo itace, kafinta ya haɗa mini akurki har da rufin kwano, ina ta hura hanci. Da magariba zabbin suka zagaya shi sau ɗaya kamar masu duba gidan haya, sannan suka yi fir suka haye mangwaron maƙwabciyata, wata Inyamura mai shago. Kwana uku ta daure, a na huɗu ta leƙo ta katanga.

"Oga, wannan zabo naka ya hana ni barci. Mota na ma duk kashi."

Na ba ta haƙuri, na koma korar zabbi da tsintsiya, har na zame a taɓo. Inna tana kan tabarma tana dariya har da hawaye. Sai da ta ga na yi laushi ta ce ai ɗakin kaji na gina, zabo ba ya kwana a ƙasa. Ta sa aka ɗaga rufin, aka gitta gora can sama. Ta yaudare su da gero suka shiga, ta rufe su mako uku, kullum da yamma tana buga kwano kafin ta zuba musu abinci.

Ranar saki, guda ɗaya tak ta fitar. Na ce zabuwar za ta gudu. Ta ce zabuwa ba ta iya barin 'yan'uwanta. Haka kuwa aka yi, ta wuni tana zagaya akurki tana kuka, da yamma har rige-rigen shiga take. Washegari biyu, sannan uku.

Ranar da aka saki bakwai ɗin, na baro ofis da wuri. Inna ta buga kwano, shida suka shige. Babban namijin ya tsaya yana kallon mangwaro, maƙwabciyata ma tana kallonsa ta katanga. Can ya juya, ya bi sahu.

Inna ta sakaya ƙofar. Da safe na ga zannuwanta a jere a durowa, jakar a rataye.

"Ka sayo mini gero," in ji ta. "Babban buhu, wanda zai kai mu baɗi."