Babu Dusar Ƙanƙara a Argungu

Da ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin wata Laraba na buɗe bakina a taro, kuma daga nan al'amura suka fara lalacewa. Na san lokacin daidai saboda ni ce mai rubuta bayanan taron, kuma ina da ɗabi'ar sa lokaci a gefen kowace magana, aikin da ba wanda ya taɓa roƙona in yi.

Ƙungiyarmu ta ɗalibai ce, ta masu son wasannin waje. Haka dai aka buga a bayan rigunanmu. Abin da muke yi shi ne tattaki da safiyar Asabar daga ƙofar makaranta zuwa wajen wata mai ƙosai a unguwar Badariya, mu ci, mu ɗauki hoto, mu hau keke mai ƙafa uku mu dawo. Ni na shiga ne don likita ya faɗa wa mahaifiyata cewa zaman karatu ya yi mini yawa. Wata bakwai ina cikinsu ban ce uffan ba sai amsa sallama, kuma zamanmu lafiya lau.

A ranar ce shugabanmu, wani ɗan aji huɗu da ke rataye da usur ko a ɗakin karatu, ya sanar cewa tattaki ya yi mana kaɗan. Asabar ta sama za mu je Argungu mu yi tseren kwalekwale a gulbi, da ƙarfe huɗu na yamma, don a lokacin ne hasken rana ke yi wa hoto kyau. Ya ce ya riga ya yi waya da wani dattijo mai jirage, kuma dattijon ya amince. Aka tafa. Ni kuwa ɗalibar nazarin ƙasa ce, ƙarshen damina muke, gulbi cike yake har fadama, kuma na san yadda hadarin gabas ke tasowa bayan la'asar da iska a gabansa. Na ce, a hankali, ina kallon littafina, "Lokacin iska ne fa."

Kowa ya juyo ya dube ni, kamar akuya ce ta yi magana.

"Madalla!" in ji shugaba. "Ashe muna da masaniya. Dama ofishin kula da ɗalibai sun ce sai mun kawo takarda mai sa hannu cewa yanayi zai yi kyau. Malama, daga yau ke ce jami'ar hasashen yanayi. Juma'ar jajiberin tseren, kafin a tafi masallaci, takarda ta kai."

Aka sake tafawa. Na rubuta naɗin nawa da hannuna, huɗu da minti goma sha biyu.

Mu goma sha takwas ne za mu shiga ruwa. Na bi kowa na tambaya, wannan ma ba wanda ya sa ni. Uku ne suka iya iyo, ɗaya daga cikinsu kuma a tafkin otal ya koya. Rigar ruwa guda huɗu aka samo aro. To ke nan in na sa hannu iska ta kifar da jirgi, sunana ne a ƙasan takardar, kuma ni ce zan dubi idon iyayen wani. In na ƙi sa hannu ba tare da hujja ba, shugaba zai sa wani ya sa a madadina, a tafi duk da haka.

Don ya sauƙaƙa mini aiki, shugaba ya turo mini wata manhaja da yayansa na ƙasar waje ya ce ƙwararru ke amfani da ita. Ƙwararru ne kuwa. An yi ta ne domin masu zamiya a kan dusar ƙanƙara a manyan duwatsu. Tana faɗin kaurin dusar da ta zuba, da wadda ake sa ran za ta zuba, da ƙarfin iska a ƙolin dutse, da tsakiyarsa, da gindinsa. Na rubuta Argungu, ta tambaye ni wane dutse nake nufi. Na rubuta Birnin Kebbi, inda makarantarmu take, ta ba ni wani dutse da ban taɓa jin sunansa ba, a wata ƙasa da sai na duba taswira. Mu nan abin da muke kira tsauni tuddai ne a bayan gari, waɗanda akuya ke hawa tana tuƙa.

Na nuna wa shugaba. Ya karɓi wayar, ya danna nan ya danna can, har ya samu inda ake ɗora alama a kan taswira, ya ɗora ta a tsakiyar gulbi. Manhaja ta yi nazari mai zurfi ta fitar da sakamako: babu dusar ƙanƙara.

"Kin gani?" ya ce. "Fes!"

Daga ranar, kowace safiya yakan tura wa zauren ƙungiya hoton sakamakon. Babu dusar ƙanƙara a Argungu. Mutane na amsawa da alhamdulillahi. Wata ma ta ce hankalin babanta ya kwanta. Ƙawata, 'yar Filato da iyayenta ke aiki a nan, wadda ita kaɗai a cikinmu ta san sanyin kan dutse, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Ƙawata, ki sa hannu mana. Ai ko rantsuwa kika yi cewa ba za a yi dusa ba, ba za ki yi kaffara ba." Na ce ba dusa ce ke kifar da jirgi ba. Ta ce to wannan sai in faɗa wa mai usur.

Na koma ga abin da na iya. Na ja layi a littafina, na fara rubuta abin da rediyo ya ce, da abin da manhajar wayata ta yau da kullum ta ce, da abin da sama ta yi. Rediyo mutum ne mai hankali, kullum cewa yake ana iya samun ruwa da iska a wasu sassan jihar, ya bar wa sassan su sasanta tsakaninsu. Wayata kuma takan ce hadari da safe, ta janye maganarta da azahar, ta dawo da ita bayan an gama ruwan. Kwana bakwai ina wannan rubutu a ɗakinmu na unguwar Gwadangaji. Sau biyu iska ta taso da yamma har ta ɗauke wa maƙwabcinmu kwanon rumfa, sau biyar ko ganye bai motsa ba. Na zauna da alƙalumana masu tsabta, ban san komai game da Asabar ba.

Ranar Alhamis na shiga mota zuwa Argungu, in tambayi dattijon da kansa. Na yi tunanin wanda ya tsufa a kan ruwa ba zai rasa sanin halin iskarsa ba. Na same shi a bakin gulbi ƙarƙashin wata bishiya, yana toshe tsagar wani jirgi da tsumma da kwalta. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi daga inda nake, na buɗe littafi.

"Baba, za a yi iska jibi da yamma?"

"Allah shi as sani, ɗiyata."

Na rubuta. Na ce, "Haka ne, Baba. Amma a ganinka?"

"Gani na Allah na."

Na tuna an koya mana cewa in tambaya ta ƙi, a sauya mata fasali. Na ce, "To in an kasa abin kashi goma, kashi nawa za ka ba iska?"

Ya ɗago ya dube ni, karo na farko. "Wa ya ba ni iska da za ni kasa ta? Goro ta?"

Masuntan da ke gyaran koma a gefe suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Baba, ka ba ta kashi biyu ta kai ma malaminsu." Duk wannan lokaci dattijon yana ɗaga kai ya dubi gabas, ya dubi wasu tsuntsaye da ke shawagi ƙasa-ƙasa a kan ruwa, ya koma kan tsummansa. Ya sani. Ko makaho ya ga ya sani. Na tambaye shi ko gaskiya ne ya amince da tseren ƙarfe huɗu. Ya ce, "Yaron ya ce Asabar, na ce mashi Allah shi kai mu." Wannan ita ce amincewar da aka tafa wa.

Na rufe littafi da shafi guda cike da sunan Allah, ba hasashe ko ɗaya. Na wuce gidan gwaggona, ƙanwar babana, wadda ta yi aure a garin tun kafin a haife ni. Na same ta tana sheƙar shinkafa a tsakar gida. Na ba ta labari ina jiran ta tausaya mini.

"Ke dai boko ya cuce ki," ta ce, ba ta ko ajiye faifan ba. "Kin tahi gaban mutane kin ce ma dattijo shi hwaɗi gobe? Boka kinka ɗauke shi?"

"Gwaggo, tambaya ce kawai."

"Awo, tambaya. In ya ce babu iska, ɗan wani ya nutse, bakin wa za a kama? In ya ce akwai, ta ƙi zuwa, ya zama maƙaryaci da hurhura tai. Mutanen ruwa ba su yanke ma sama hukunci. Ko mijina da munka yi shekaru, ban taɓa jin ya ce yau ana ruwa ba. Sai dai in ga ya kwashe shanya."

"To ya zan yi? Gobe kafin masallaci ake son takardar."

"Ki aje littahin nan da ke sa ki kama da mai karɓar haraji. Ki tahi da sahe kahin mutane su taru. Kada ki tambaye shi sama. Tambaye shi abin da yake nashi, wanda in ya hwaɗi ba ya shiga hurumin Allah."

Na ce kamar me. Ta ce ita ba ta yi jami'a ba, in yi tunani da kaina tunda an ce da shi ake ba mu digiri.

Na kwana a gidanta. Da safe shugaba ya kira ni a waya tun ban gama karyawa ba. Ya ce an karɓo riguna, mai hoto ya shirya, kuma ya duba manhaja, har yanzu lafiya lau. Ya ce in ina jin nauyin sa hannu ne in faɗa masa, mataimakinsa na da biro. Na ce ya ba ni zuwa sha ɗaya. Ban san na iya irin wannan muryar ba.

Na bar littafin a kan tabarmar Gwaggo. Tafiya ba shi a hannuna ta zame mini kamar na fito ba mayafi. Gulbi ya yi luf, ruwan ya kwanta kamar an shimfiɗa shi, har na fara jin kunyar tsoron da nake ji. Dattijon na zaune shi kaɗai a gefen jirgin da ya toshe jiya, yana cin goro. Na gaishe shi, na tambayi gida, na tambayi ruwa, na tambayi gajiyar jiya. Ya amsa duka a natse. Ya dubi hannuna.

"Ina ofis ɗin naki?"

"Na bar shi gida, Baba."

"Kin kyauta mashi."

Na zauna a kan wani kututture. Na ce masa mu goma sha takwas ne, uku suka iya iyo, rigar ruwa huɗu. Na ce ni aka ɗora wa sa hannu, kuma in ban sa ba wani zai sa. Ya ci gaba da taunar goronsa. Sai na tambaye shi abin da yake nasa.

"Baba, da ni 'yarka ce ta cikinka, za ka bar ni in shiga jirgi gobe da ƙarfe huɗu?"

Ya tofar da tuƙar goron. Ya dubi gabas na ɗan lokaci, sannan ya dube ni.

"Ɗiyata ta cikina? Da hantsi ni ka sa ta jirgi, nan kusa ga gaɓa inda gorar tuƙi ke taɓa ƙasa, mutum huɗu-huɗu, kowa da rigarshi, kahin azahar ta hito ta ci abinci. Bayan la'asar ko ƙahwa ba ta sa ma ruwan ga. Tahi ki rubuta hantsi. In mai usur ya ƙi, ki ce mashi jiragena duka suna garin Gulma ɗaukar shinkahwa, kuma ba su dawowa sai Lahadi."