Mun Je Yawuri Nutso, Mun Dawo A Bushe

Ana sallame sallar asuba muka bar Wudil, ni da baffana ƙanen mahaifina, da akwatunan katako biyu waɗanda sai da ƙarti huɗu suka ɗora su a kan lori. Mun ƙetare kogi gari bai gama wayewa ba. Ruwan ya janye, rairayi ya fito fili, har akwai masu jakuna da ke ratsawa ba su ko naɗe wando ba. Na dubi wannan na ce a raina lokaci ya yi daidai. Ina roƙon masu karatu su yi haƙuri da ni, don sai na ɗan yi bayani kafin mu ci gaba.

Bara na gama karatu a Badun, aka ba ni aiki ƙarƙashin wani Bature mai kula da sha'anin kifi. Shi ne ya zo da kayan nutso daga ƙasarsu: kwalaben ƙarfe cike da iska da mutum ke goyawa a baya, da tiyo da ake sa wa a baki, da gilashin fuska, da takalman roba masu kama da ƙafar agwagwa. Kwalba ɗaya tana riƙe mutum a ƙarƙashin ruwa wajen rabin sa'a, in bai yi zurfi ƙwarai ba. Yana so a duba gindin tsibirai uku a kogin Kwara wajen Yawuri, waɗanda mutanen can ke kira gungu, a ga inda manyan kifaye ke kwana. Shi zai fita rangadi, saboda haka ya ɗora mini shirin duka. Ya ce in nemo mai nutso na ƙwarai. Ban yi nisa ba wajen nema. Sau biyu ya gwada wa Baffa kayan a ruwanmu, Baffa ya fito yana dariya kamar an yi masa albishir.

Shekara talatin Baffa ke buɗe babban gurbin garinmu ranar su, wato ranar kamun kifi na gari duka. Shi ke fara nutsewa, ƙirji tsirara, ya taɓo ƙasa ya fito da laka a hannu, sannan Sarkin Ruwa ya yi wa jama'a izini su faɗa da komarsu da gorunansu. Al'adar kuwa ba ta da sassauci: wanda ranar ta zo ba ya nan, wani ya shiga, kuma wanda ya shiga shi ke riƙewa daga ranar. An sa ranar su ta bana kwana ashirin da ɗaya daga ranar tashinmu. Baffa ya tambaye ni sau ɗaya tak ko za mu dawo kafin nan. Na ce masa kwana huɗu zuwa, shida a can, huɗu dawowa, ga mako guda rara. Ya ce, "To, ɗana, kai ka yi karatu."

Wata biyu na yi ina wannan shiri. Na rubuta wa tashar jirgi, na rubuta wa hukumar Yawuri, na auna nauyin akwatuna sau uku, na tanadi kwinin, da igiya, da fitila, da roba ta biyu ko tiyo zai tsage. Kwalabe uku ne, ba kuma inda ake cika su sai Kaduna, don haka na raba: kowane gungu kwalba ɗaya. Lokaci kuwa na zaɓi tsakiyar rani, don kowa ya san da rani kogi ke sauka, ya lafa, ya yi garau.

A Kano muka shiga jirgin ƙasa, karo na farko ke nan ga Baffa. Ya zauna bakin taga ya riƙe ƙarfe da hannu biyu har muka wuce Challawa, daga nan ya saki jiki ya shiga raina gonakin mutane. Wata tsohuwa mai kai daddawa Kaduna ta leƙa akwatin da na buɗe don dubawa, ta ga takalman nan, ta tambayi Baffa ko maganin sanyin ƙafa ne. Ya ce mata na angwanci ne. A Zariya muka sayi rake na kwabo, sanda biyu manya, abin da a Wudil sai ka ba da taro. A Kaduna muka yi jiran canjin jirgi kusan yini guda, ni ina zaune a kan akwatuna don kada rana ta bugi kwalabe, ko wani ya jingina da su da taba a hannu. Ban tabbata taba na yi musu wani abu ba, amma ban so in gwada.

Daga Minna ƙasa ta canza, itatuwa suka yi duhu, doya ta maye gurbin gero a tasha. Muka sauka Zungeru muka kwana a rumfar wani mai sayar da goro, mutumin Bichi, wanda ya ƙi karɓar ko anini da ya ji daga inda muka fito. Da safe muka sami lori mai zuwa Kwantagora. Hanyar nan ba ta da tausayi. Kowane rami muka faɗa sai kwalabe su yi ƙara a cikin akwati. Direba ya gaji da roƙon da nake masa ya rage gudu, ya ce, "Malam, in ƙwai ka ɗauko ka faɗa mini, in kuwa bam ne ka sauka." A Kwantagora muka ci sakwara da miyar kuka, haɗin da ban taɓa gani ba, ba kuma zan ce ya yi daɗi ba, ko da yake yunwa ba ta bar ni na yi hukunci da adalci ba.

Rana ta huɗu da la'asar muka iso Yelwa, babban garin Yawuri, kamar yadda na rubuta, ba ƙari ba ragi. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Ko masauki ba mu nema ba muka gangara bakin ruwa.

Abin da na gani ban san yadda zan kwatanta shi ga wanda bai wuce kogin Wudil ba. Ruwa ne cike maƙil daga wannan gaɓa zuwa waccan, baƙi wuluk, yana tafiya ba ƙara, yana jan rassan itace kamar tsinke. Gungun farko na can tsakiya, ruwa ya cinye gindin itatuwansa. Baffa ya tsuguna ya sa hannu a ciki ya daɗe.

Wani dattijo mai kwalekwale, wanda aka haɗa mu da shi don ya kai mu gungunan, ya saurari bayanina har ƙarshe, sannan ya tambaya wa ya ce mu zo yanzu. Na ce ai rani ne. Ya yi dariya har da tari.

"Ranin wa? Ku Kanawa, kogin da jaki ke ratsawa shi kuke aunawa da Kwara? Mu nan cika biyu gare mu. Farin ruwa na damina, na ƙasarmu. In ya wuce sai baƙin ruwa ya iso daga yamma, can ƙasar Faransi, wata da watanni yana hanya. Shi ne wannan. Da ka aiko ka tambayi ko mai wankin albasa a bakin nan, da ta gaya maka."

Wataƙila an faɗi wannan a aji ina Badun, ban rantse ba. Abin da na sani shi ne na rubuta wasiƙa bakwai kan tafiyar nan, ba ko ɗaya da ta je hannun mutumin da ke taɓa ruwan.

Na tambaye shi yaushe zai sauka. Ya ce ya fara, amma a hankali, sai nan da wata guda ko fiye. Ni kuwa kalmar "ya fara" na riƙe. Na kafa kara a bakin gaɓa na yi masa tsaga, ina zuwa dubawa safe da yamma. Kwana uku, ruwa ya sauka faɗin yatsa biyu. Rana ta bakwai da barinmu gida na buga wa maigidana Bature wayar tangarahu na gaya masa halin da ake ciki, na nemi umarni: mu jira ko mu dawo.

Muka koma gungun farko da zama. Ba zan ɓoye alherin mutanen ba. Gungawa manoman albasa ne da shinkafa, bukkokinsu a matse, rumbunansu a kan duwatsu, kowane gida da kwalekwalensa ɗaure kamar yadda muke ɗaure jaki. Tuwon shinkafa da romon giwan ruwa muke ci kullum, albasa kuwa kwando guda sisi. Baffa ya saba da masuntansu cikin kwana biyu, yana gyara musu koma irin ɗinkin Wudil, suna nuna masa nasu. Ni ina zaune gindin tsamiya da littafina ina rubuta tsayin ruwa.

A bayan gungun akwai wani lungu da duwatsu suka tare, ruwan ya kwanta lumui. Mai kwalekwale ya ce zurfinsa ya kai gaba biyar, ba ja, can manyan kifaye ke fakewa in baƙin ruwa ya zo. Baffa ya same ni da hantsi.

"Ɗana, ba ni kwalba ɗaya in shiga nan. In ga abin da ke ciki, ka rubuta, mu kama hanya. Bature kifi yake nema, ga kifi."

Na ce ba nan ne wurin da aka zana a taswira ba. Na ce iskar ta gwamnati ce, in muka ƙona ta a nan me za mu ce. Na ce kuma ba mu san ƙasan ba, in wani abu ya same shi da wane ido zan dubi iyalinsa.

"Ni kake jiye wa ruwa?" in ji shi. "Ranar da aka yi sunanka daga gurbi na fito na zo."

Na ce mu dai jira amsar waya, ba za ta wuce gobe ba. Na yi imani da hakan lokacin da na faɗa. Har yanzu ban iya rabe nawa ne tsoron halakarsa a ciki, nawa ne tsoron a ce sabon ma'aikaci ya yi gaban kansa. Ina zaton na biyun ya fi yawa.

Kullum mai kwalekwale ya kai ni Yelwa gidan waya, kullum akawu ya girgiza kai tun daga nesa. Baffa ba ya karatu, amma yana lissafin kwana da ƙulli a igiyar wandonsa. Rana ta goma sha shida ya ce mini gobe ce ta ƙarshe, in ba mu tashi ba, ba za mu riski su ba. Na ce ko in sa shi a lori ya tafi shi kaɗai. Takardar jirgin da sunana take, ga canji a Kaduna, shi kuwa bai san ko wane jirgi ne na Kano ba. Amma ba wannan ya faɗa ba. Cewa ya yi, "In koma in ce wa yayana na bar masa ɗa a tsakiyar ruwa?" Na ce to a ƙara kwana ɗaya, ɗaya tak, ana iya samun lori mai sauri. Ya dube ni, ya tashi ya koma wajen masu koma.

Amsa ta zo rana ta goma sha takwas. Maigidana yana rangadi, sai da ya dawo ya tarar da wayata. Abin da ya rubuto bai cika layi ba: in yi yadda na ga ya dace.

Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta da yawa. Hanyar ita ce dai, ramukan su ne, kwalabe uku cike suna ƙara a akwati. Na roƙi direban nan da ya kawo mu ya ƙara gudu, ya ce bai taɓa ganin mutum mai ra'ayi biyu kamata ba. A Zungeru jirgi ya wuce da sa'a uku, muka kwana. Baffa bai yi mini faɗa ba ko sau ɗaya. Ya sayi rake a Zariya ya fere ya miƙo mini rabi, na kasa sha.

Mun shiga Wudil rana ta ashirin da uku da azahar. Tun daga bakin kogi hayaƙin banda ya tare mu, kowane gida ana ƙyafe kifi, ƙaya da ɓawo zube a lunguna. Mutane suna yi wa Baffa sannu da zuwa suna kawar da ido. Wani magidanci da Baffa ya koya wa nutso da hannunsa shi ya buɗe gurbi. An ce Sarkin Ruwa ya ja lokaci har rana ta take, yana duban hanyar Kano, kafin ya yi masa izini.

Da la'asar magidancin ya zo da kansa, ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa ya ajiye ragon ruwa guda a gaban Baffa. Wannan shi ne rabon da ake kai wa tsofaffin da suka daina shiga ruwa. Baffa ya sa masa albarka, ya tambaye shi ko ƙasan gurbin ta ƙara laka bana, suka yi maganarsu ta masu sana'a ina tsaye. Da ya tafi Baffa ya aika da kifin cikin gida, ya ce a dafa da yaji sosai, ya ce kuma in tsaya in ci.

An saba mai tafiya ya faɗi abin da ya koyo. Na koyi cewa ba kowane kogi ke bin damanar garinmu ba, kuma tambaya ɗaya ga mai kwalekwale ta fi wasiƙa bakwai ga ofis. Wannan mai sauƙi ne, kowa na iya yin kuskurensa. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na ɗauka in ban yanke shawara ba, ba abin da zai ɓaci ta hannuna. Kwana goma sha ɗaya na yi ina jiran wani ya ɗauke mini nauyi, ashe duk kwanakin daga na Baffa nake ɗiba. Maigidana ya karanta rahotona ya ce na yi hankali, ya ce za a sake shiri baɗi. Na gaya wa Baffa. Ya ce Allah ya kai mu, amma in nemi yaro mai ƙirji, shi yanzu mai kallo ne daga gaɓa.