Tekawe a Ajin Anti Jemima

Duk wanda ya taɓa kai ɗansa makarantar Malam Mahfuz da ke Gwallameji ya san Anti Jemima, ko da a murya ne. Gajeriya ce mai kauri, amma in ta ce "Shiru!" a aji ɗaya, har 'yan aji shida sai sun gyara zama. Daga Bogoro iyayenta suka zo da ita Bauchi tana ƙarama, ta koyi Hausa a bakin famfo da kasuwa, Turanci kuwa da bulala aka ɗura mata shi. Har yau Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "ya zo" ne, kuma ba ta taɓa jin kunyar haka ba. Mijinta ya rasu, ta riƙe 'ya'ya uku da wannan aikin kaɗai, a gidan haya can Inkil.

Ta tsufa tana koya wa yara ƙirga da marafan kwalba da tsinken ashana. Sai wata shekara Malam Mahfuz ya sayo tabulet, ɗaya ga yara biyu, ya sa aka buga hotonsu a allon ƙofar makaranta. Mutane suka zuba ido su ga tsohuwa ta kasa. Ina! Cikin sati ɗaya ta iya komai, har ita ke gyara wa 'yan matan malamai in tasu ta maƙale. Ta so abin ƙwarai, domin yaron da ba ya iya riƙe fensir yana iya jan mangwaro da yatsa ya jefa a kwando.

Tarawa ta tafi lafiya lau. Da aka shiga ɗebewa ne ajin ya rushe. Na'urar kan nuna kwando da mangwaro biyar, ga wasu a gefe, sai muryar wata Baturiya ta ce, "Fayif tek awe tu." Maimakon yara su cire biyu daga kwando, sai su ƙara biyu, su danna bakwai, jan gicciye ya fito. Ba yaro ɗaya ba, kusan duk ajin. Abin ya ɗaure wa Jemima kai, sai ta durƙusa kusa da Yasmin, 'yar Alhaji Bappa shugaban ƙungiyar iyayen yara, ta tambaye ta dalili.

"Anti, ai tekawe ta ce," in ji yarinyar. "In Mami ta je biki tekawe take kawo mana, abinci ya ƙaru."

Jemima ta yi dariya har da hawaye. Ashe yaran ba daƙiƙai ba ne. Tekawe ɗin da suka sani robar shinkafa ce da ake dawowa da ita daga biki, kuma ba ta taɓa rage komai a gidan kowa ba.

Maganin a fili yake, sai dai haramun ne. Dokar makarantar ita ce ba a Hausa daga ƙofa zuwa ƙofa, kuma da wannan dokar Malam Mahfuz ke jawo iyaye. Jemima ta duba dokar ta duba yaran, ta zaɓi yaran. A manhajar na'urar akwai wurin da malami zai ɗauki muryarsa, sai ta bi tabulet ɗin ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Biyar, ka ɗebe biyu, saura nawa?" Bayan nan sai Turancin ya biyo. Kafin wata ya ƙare jan gicciye ya yi wuyar gani a ajin.

Yara kuwa ba sa riƙe magana. Yasmin ta je gida tana rera "ka ɗebe biyu" da muryar Anti, har da "ka" ɗin da take ce wa mata. Washegari Alhaji Bappa ya faka mota a ƙofar ofis, aka aika a kira Jemima.

"Ba don a koya wa 'yata Hausa na kawo ta nan ba," in ji Alhaji. "Hausar ma wadda ba ta gyaru ba."

Maganar ta soke ta, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ranka ya daɗe, yarinyan ka ya iya lissafi yanzu ko bai iya ba?"

Alhaji ya kau da kai. Malam Mahfuz ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Ya san in Alhaji ya cire 'yarsa wasu za su bi. Ya sassauta murya ya ce, "Anti, don Allah ki goge kawai, a wuce wurin. In ba haka ba, ba ni da yadda zan yi in riƙe ki."

Ta tuna kuɗin haya, ta tuna autarta da ke shirin jarrabawar fita sakandare. Duk da haka ta ce, "Oga, na'ura naka ne, ka goge da hannunka. Ni ba zan mayar da su cikin duhu ba don a ce makaranta yana Turanci."

Ranar Juma'a aka sallame ta. Ta fito da jakarta ta tsaya bakin titi tana jiran keke, ranta a ɓace, idonta ya cika amma ta hana shi zuba. Sai ga motar Alhaji Bappa ta tsaya a gabanta, ya sauke gilashi ya waiga hagu da dama.

"Malama, ki yi haƙuri da abin da ya faru. Da za ki riƙa zuwa gida da yamma kina yi wa Yasmin darasi, zan kula da ke sosai."

"Da wane yare, Alhaji?"

Ya ƙara rage murya. "Duk wanda za ta gane."

Tana bukatar aikin nan kamar me, kuma shi ma ya sani. Ta nuna masa ƙofar makaranta da haɓa.

"Oga yana ciki. Ka shiga ka faɗa masa haka da ƙarfi, yadda ka faɗa wancan. In ka yi, gobe ina gidanka."

Alhaji ya daɗe yana duban ƙofar, sannan gilashin ya ɗaga a hankali motar ta ja. Jemima ta goge fuska da gefen zani, ta ɗaga wa mai keke hannu.

"Inkil," ta ce, ba ta waiwaya ba.